Golan da Ya Kada Ɗan Danko

Shekarar da abin nan ya faru, maigidana ya cika damina biyu a ƙasa, kuma ita ce shekarar da tsawa ta raba tsohuwar ɗorawar bakin kasuwa gida biyu. Lokacin hanyar Danko ba ta zama abin tsoro ba tukuna. Mutum kan hau kabu-kabu da hantsi, ya je ya sayo dawa ya dawo bai waiwaya ba. Wayar hannu ta shigo gari, amma mai maɓalli, ba wadda ake shafawa ba. Jikata ta fari tana rarrafe, wadda yanzu take da goyo a baya. To, ku lissafa da kanku.

Ni sana'ata kunun zaƙi da dafaffiyar gyaɗa. In an gama girbi, samarin unguwarmu ta Rikoto, a nan garin Zuru, kan fara ƙwallo a filin makarantar firamare, ni kuma in kafa tukunyata ƙarƙashin mangwaro, daidai bayan ragar yamma. Mu huɗu ne mata masu zama a wurin: ni, da mai rake, da mai ƙosai, da matar wani tsohon saje wadda ba ta sayar da komai, kallo da surutu ke kawo ta. Masu tsayuwa a gefen fili ƙwallo suke bi da ido. Ni kuwa bayan gola nake kallo shekara da shekaru. Na san golan da gwiwarsa ke rawa, na san wanda ke addu'a a ɓoye, na san wanda ke zagin 'yan bayansa don ya rufe tsoronsa. Kar wani ya zo ya koya mini aikin gola.

Golanmu na lokacin ɗan soja ne, a bariki anka haife shi can kudu, shi ya sa kowa ke ce masa ɗan bariki. Dogo, siriri, in ya miƙa hannu kamar zai tsinko mini mangwaro. Yana da safar hannu ta gaske wadda wani kawunsa ya aiko masa. In ƙwallo ta taso sama sai ka ji ya daka tsawa, "Tawa ce!" Kowa ya kauce, ya sauke ta a hankali kamar yadda mace ke sauke tulu daga kai. Garin nan na son yaron nan, ni ma haka. Kofin kunu na farko nasa ne kullum.

Na biyunsa, mai zaman benci, ɗan ƙanwata ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ya tashi a kan dutse wajen dangin ubansa, yana noma. Gajere ne, faffaɗan ƙirji, wuya kamar turmi. Ɗan kokawa ne, kuma ba na wasa ba, don a duk ƙauyukan kan dutse babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Lokacin yana cikin golmo, noman da saurayinmu kan yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita, saura masa damina ɗaya. Ƙwallo kuwa abokai sunka ja shi ciki. Kocinsu, wani malamin firamare, ya ga yadda yake cafke buhun dawa in an jefo daga saman mota, ya ce wanga hannu na gola ne. Haka ya yi ta zama a benci, ba a kira shi ba, shi ma bai taɓa ƙorafi ba. Yakan zo ya rusuna, "Inna, sannu da rana," ya koma ya zauna da hannu a kan gwiwa.

A shekarar anka sa kofi tsakanin garuruwan ƙasarmu ta Zuru. Yaranmu sunka yi ta ci har sunka gamu da mutanen Kanya a wasan kusa da ƙarshe. Mun ci wasan, amma mun ji jiki. Babban ɗan bayanmu ya gurɗe a idon sawu. Mai ci mana ƙwallo ya sha gwiwa a haƙarƙari, yana numfashi kamar tsohon injin niƙa. Sannan ana gab da tashi wata ƙwallo ta nufo lungu, ɗan bariki ya yi tsalle ya ture ta, ya faɗo da hannu a kan ƙarfen raga. Ni na fara jin ƙarar, kafin shi kansa ya yi ihu. Mai rake ta ce, "Yesu!" Mai ƙosai ta ce, "Innalillahi!" Daga fili sai gidan mai ɗori, anka ɗaure hannun da kara da tsumma.

Saura wasan ƙarshe da mutanen Danko, a filinmu, kuma babu gola sai ɗan ƙanwata.

Akwai wani ɗan Ibo mai shagon kayan mashin, shi ya sayo wa yaran riguna da ƙwallo, kuma ya fi 'yan gari zafin kai a kan ƙungiyar. Ya tare ni a hanya.

"Mama, wannan yaro naki, zai iya?"

Na ce, "Ka taɓa ganin abin da ya wuce ta gabansa bai kama ba?"

Ya ce, "Buhu ba ya lanƙwasa a iska, Mama."

Na ce masa ya je ya buɗe shagonsa.

Ranar wasa filin nan ya cika har kan katangar makaranta. Mutanen Danko sun zo a motoci biyu da makaɗansu. Ɗan ƙanwata ya shigo da takalmin ɗan bariki, wanda ya yi masa tsawo, yana tafiya kamar agwagwa. Safar hannun ma an ba shi, amma ba a jima ba ya cire ta ya miƙo mini ta cikin raga.

"Inna, riƙe mini. Ba na jin komai da ita."

In gaya maku gaskiya, yaron ya sha wuya. Ƙwallon farko da anka bugo daga kwana, ta taso sama, shi kuma ya kafa ƙafafu a ƙasa yana jiran ta sauko. Ɗan kokawa ba ya barin ƙasa, tun yana yaro abin da anka dasa masa ke nan. Kafin ta sauko wani ya sa mata kai, ta wuce ta saman kansa. Ɗaya. In ya zo bugawa daga gida kuwa, takalmin nan ya karkatar da ita. Sau ɗaya har cikin kaskon mai ƙosai. Mutane sunka fara, "Malam, canza shi!" Wani ya amsa daga kan katanga, "Da wa? Da kakarka?"

Amma abin da ya biyo ƙasa bai wuce shi ba. Akwai wata da anka narko daga kusa, wadda ko ɗan bariki sai ya rufe ido, shi ya tare ta da ƙirji, ta yi ƙara kamar an daki ganga, ya rungume ta ya miƙe bai ko yi tari ba. Sau uku ya yi irin wannan, na gani da idona, ko da yake daga baya babu mai son tunawa. Kafin a tafi hutu yaronmu mai ciwon haƙarƙari ya rama mana, yana riƙe da gefensa. Ɗaya da ɗaya. Ɗan Ibo ya cire rigarsa yana kaɗa ta.

Sai ga abin ya zo. Ɗan gaban Danko, wani ƙaƙƙarfan saurayi, ya tsere wa ɗan bayanmu mai ɗingishi, ya taho shi kaɗai da ƙwallo a ƙafa. Daga shi sai gola. Ina bayan yaron nan, na ga abin da jikinsa ya yi kafin kansa ya sani. Ya sunkuya, ya buɗe ƙafafu, ya ware hannu. Na ce a raina, wagga tsayuwa ai ba ta raga ba ce, ta fage ce. Mutumin na isowa, yaron bai ko dubi ƙwallo ba. Ya shige ƙarƙashinsa, ya kama cinya da ƙugu, ya ɗaga shi sama har muna ganin ƙasan takalminsa, ya juya shi, ya shimfiɗa bayansa a ƙasa tsaf. Ƙura ta tashi. Ƙwallo ta gangara ita kaɗai ta tsaya a gefen ƙarfe, ba ta shiga ba.

Ni na yi shekaru ina kallon kokawa, tun ina budurwa a kan dutse. Ban taɓa ganin kaye mai tsabta irin wannan ba. Ban san lokacin da guɗa ta fita daga bakina ba. Mai rake ta karɓa, mai ƙosai ta karɓa, matar saje ta ɗora da tata mai tsawo. Yaron kuma ya miƙe ya ɗaga hannu ɗaya sama, yadda ake yi in an yi kaye, yana jiran kiɗa.

Kiɗa bai zo ba, usur ya zo. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai wutsiyar guɗar matar saje. Alƙalin wasa ya taho da gudu, ya nuna wurin fenariti, ya zaro jan kati. Na ga hannun yaron yana saukowa a hankali. Ya dubi katin, ya dubi mutumin da ke kwance, ya dubi jama'a, sannan ya gane inda yake. Bai yi gardama ba. Ya miƙa wa ɗan Danko hannu ya tashe shi, ya cire rigar gola ya ninke ta, ya ba ɗan bayanmu mai ɗingishi, ya cire takalmin ya jera a gefen raga. Ya wuce ta gabana da ƙafa ba takalmi, bai dube ni ba. Mutanen Danko sun ci fenaritin, sun ƙara wata. Kofi ya hau mota ya tafi Danko, suna ta hon har sunka fita gari.

Washegari babu wanda bai zama koci ba a Zuru. A teburin mai shayi tsofaffin sojoji 'yan fansho sunka zauna shari'a. Ɗaya ya ce, "A bariki, wanda ya bar aikin da anka ba shi ya kama wani, a gadurum, ɗakin horon soja, zai kwana." Wani ya ce, "Laifin malam ne. Ka ajiye mutum a benci kamar tsohuwar tabarma, ranar da wuta ta kama ka ce ya tashi ya kashe?" Na uku ya rantse alƙalin wasa ɗan Danko ne ta wajen uwa. 'Yan kabu-kabu in sun ɗauki fasinja sai su ce, "Riƙe ni da kyau, amma don Allah kar ka kada ni." Yara a lungu suna kama ƙafar juna suna guɗa. Ɗan Ibo bai buɗe shago ba sai da rana ta take. Da ya gan ni ya dafe kai.

"Mama, riga na saya, ƙwallo na saya. Ashe ganga ya kamata in saya!"

Mu ma tsofaffi ba a bar mu ba. Wani mahauci ya ce mini mun ƙara wa gari kunya, mutanen Danko za su shekara suna ba da labarinmu. Na ce, "A yi kaye irin wannan a gabana in yi shiru? Uwata ba ta koya mini haka ba. Kai da kake magana, ka taɓa ɗaga akuya sama ba ta shure ka ba?" Har yau ban janye guɗar nan ba.

Dariya kam an yi ta, ni ma wani lokaci takan kuɓuce mini. Amma yaron ya daina saukowa daga dutse. Kasuwa ta ci ba a gan shi ba, coci ma bai zo ba. Sai labari ya iso mini cewa 'yan'uwan yarinyar da yake yi wa golmo sun yi masa ba'a a gabanta, kuma ya yi magana da wani direban babbar mota zai bi shi Ikko ya yi dako. In ya tafi, noman shekarun nan duka ya zube, yarinya ta tafi, kuma na san irin tafiyar. Ba a cika dawowa ba. Abin da ƙanwata ta bari a duniya ke nan, shi kaɗai.

Ina cikin wannan damuwa, ranar kasuwa, ina zuba kunu, sai wani saurayi ya durƙusa a gabana ya gaishe ni da yarenmu. Ƙafafun na fara ganewa kafin fuskar, don ai a sama na gan su. Ɗan gaban Danko ne.

"Mama, an ce ke kinka fara guɗa."

Na ce, "Ni ce. Ramawa ka zo yi?"

Ya yi ɗan murmushi, amma idonsa ba ya dariya. Ya ce, "Mama, mun kai kofi gida, an yi kiɗa an yi rawa. Ni kuwa tun ranar ban sha ruwa da daɗi ba. Ni ma ɗan kokawa ne, kuma ban taɓa faɗuwa ba. Yanzu ko bakin rijiya na wuce, 'yan mata guɗa suke mini. Kakana ya ce kofi na gari ne, amma bayan da ya taɓa ƙasa nawa ne ni kaɗai, kuma kar in sake sa hannu a kwanonsa sai na nemo wanda ya kada ni. Ki gaya wa ɗanki ina nemansa a fage, ranar kokawar da ke tafe, gaban dattawa. Ba usur, ba kati."

Da ƙarfi ya faɗa, kuma matar saje na zaune a gefena. Na cika masa kofi na ce ya sha ya huta.

Da sassafe na ɗaura zane na kama hanyar dutse. Ɗan bariki ya ce sai ya raka ni, da hannunsa rataye a wuya. Munka sami ɗan ƙanwata bayan rumbu yana wasa fartanyarsa don ya bar wa ƙanensa na wajen uba, ga ƙullin kayansa a gefe. Ya miƙe da sauri.

"Inna! Da ƙafarki kinka hau dutsen nan?"

"A'a, taka na ara."

Ya shimfiɗa mini buhu na zauna. Na ce, "An ce Ikko za ka."

Ya sunkuyar da kai. "Na zubar wa gari da kofi, Inna. Ko'ina na bi dariya ce. In an manta sai in dawo."

"Yarinyar fa?"

"Wa zai ba abin dariya ɗiyarsa?"

Ɗan bariki ya ce, "Kai, mai ɗori ya ce hannun nan ba zai tare ƙwallo ba har baɗi. In ka tafi wa zai tsaya mana a raga? Inna?"

Na ce, "Ni dai ba zan sa gajeren wando ba."

Bakin ɗan ƙanwata ya motsa kamar zai yi dariya, amma ya ci gaba da goga fartanya a dutse. Sai na bari ya ɗan jima, sannan na gaya masa saƙon ɗan Danko, yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Hannunsa ya tsaya.

"Shi da kansa ya zo?"

"Da ƙafafunsa, waɗanda ka nuna wa sama."

"Mutane sun ji?"

"A kasuwa ne. Matar saje na wurin."

A wurinmu mutum na iya barin gari don yunwa ko don baƙin ciki, a tausaya masa. Amma wanda anka nema a fage sannan ya bar gari, gudu ya yi, kuma sunan zai bi ƙannensa har cikin gonakinsu. Ya daɗe yana kallon ƙullin nan. Sannan ya jawo shi, ya kwance, ya zaro warkinsa na kokawa daga can ƙasa, ya kakkaɓe shi ya rataye a jikin rumbu.

"Inna, kin karya kumallo kuwa?"

Ranar kokawar, jama'ar da ta taru ta fi ta wasan kofi. 'Yan fanshon nan duka sun zo, mahauci ya zo, ɗan Ibo ya rufe shago ya zo yana tambaya a bayyana masa dokoki. Samarin biyu sun daɗe suna juya juna, sai ka ce bijimai biyu a turke ɗaya, ƙafa na tona ƙasa, makaɗa har sun gaji sun canza hannu. Daga ƙarshe ɗan Danko ya sami ƙafa, ya kai ɗan ƙanwata ƙasa. Ranar bayansa ya fara sanin ƙasa. Matan Danko sunka yi guɗa. Ni ban yi ba, jinina ne, amma na yarda kaye ne mai kyau. Yaron ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya kama hannun ɗan Danko ya ɗaga sama da kansa, ya ce, "Ɗaya da ɗaya." Sai samarin Rikoto, waɗanda sunka fi kowa yi masa ba'a, sunka ruga sunka ɗauke shi a kafaɗa, shi da ya faɗi. Daga ranar ba'ar ta mutu.

Bai je Ikko ba. Da damina ta sauka ya ƙarasa golmonsa, bayan girbi anka ba shi matarsa. Raga ma ya koma, da takalmi daidai ƙafarsa. Ɗan bariki kan tsaya gefen tukunyata yana masa tsawa, "Tashi sama! Fito! Hannu a ƙwallo, ba a mutum ba!" Ba zan yi maku ƙarya ba, ƙwallon sama ba ta taɓa zama tasa ba, kuma kofin bai zo Rikoto a zamaninsa ba. Amma duk ɗan gaban da ya taho shi kaɗai ya hango yaron nan ya sunkuya, tun daga nesa yake bugawa ya rabu da ita, yawanci ta bi sama ta faɗa cikin mangwarona.

Malamin da ya sa shi a raga ya rasu, alƙalin wasan ma haka. Mai rake da mai ƙosai sun bi juna a damina ɗaya. 'Yan fanshon teburin shayi babu ko ɗaya. Ɗan Ibo yana nan, ya yi furfura, ɗansa ke tsaron shagon. Ɗan bariki yana koyar da yara ƙwallo, hannun ya warke a ɗan karkace. Ɗan Danko ya kwaso iyalinsa ya dawo Zuru tun da zama ya yi wuya a can, yana noma a gonar da ɗan ƙanwata ya yanka masa. Ɗan ƙanwata yana kan dutse da matarsa da 'ya'yansu. Cikin mu huɗu da munka yi guɗa, saura ni da matar saje. Idonta ya tafi, amma bakin yana nan.